Manzo Mai Rundunar Aljanu

Manzo baduku ne. Rumfarsa tana bakin kasuwar Gure, inda makiyayan yankin Alakos ke kawo masa wasaki da takalma ya ɗinke. Ni Habsu, kaskon ƙosaina yana daf da shi, kuma ɗan gwaggona ne, saboda haka taubashina ne. Ina ce masa bawana, yana ce mini baiwarsa, har ya koma ga Allah ba a raba wannan gardama ba.

Ɗinkinsa ba laifi, ba kuma abin a yi shela ba. Abin da ya sa aka san shi wasan da ya ƙago ne, shekaru kaɗan kafin a karya darajar kuɗin sefa. Dara ta yi masa kaɗan. Sai ya share rairayin gaban rumfa, fili kamar faɗin ɗaki, ya zana gari da rijiyoyinsa da kwarin dabino, ya tara ƴan tuddai kewaye. Ƙwallon dabino su ne dakarun gari, ƙwallon goruba mahaya raƙuma, ƙayar aduwa maharba. Can bayan tuddai kuma rundunar aljanu ce: busasshen kashin raƙumi jere-jere, da gawayi manyan yaƙi, sarkinsu kuwa karyayyen ƙahon akuya ne da ya naɗe da jar fata. Ana watsa wuri a ga taku nawa za a yi. Aljani ba ya tsallake ƙarfe, ba ya taka inda aka ajiye kanwa, amma yana da guguwa: sau ɗaya a wasa, mai riƙe da aljanu zai ɗauki mafici ya kaɗa iska kan fili, duk ƙayar da ta faɗi da ƙwallon da ya gangara sun mutu.

Da la'asar sai ka ga manyan mutane sun durƙusa a ƙasa, gemu na sharar rairayi, ana musu kan ko ɗan dabino ya isa rijiya. Mushen lakwal ma, malamin makarantar boko, yakan naɗe ƙafar wando ya shiga. Na sayar da ƙosai a shekarun nan kamar ba gobe, don mai ba da umarnin yaƙi ba ya sanin abin da yake tauna.

Wahalar ɗaya ce: ba mai yarda ya riƙe aljanu. Mutanen da ko sunansu ba sa iya faɗa, sai dai su ce mutanen ɓoye, wa zai zauna ya zama sarkin yaƙinsu? Dole Manzo ya riƙe su da kansa, ya ce shi dai zai ɗan riƙe kafin a samu wani. Shi kuwa garin ya gina da hannunsa, shi ya san kowace rijiya, burinsa ya tsaya wata rana ya kare shi.

Tun a farkon abin ya buga da Aisami mai kanwa, ya kaɗa guguwa, ya share masa mahaya, aljanu suka shiga gari. A makon nan raƙumar Aisami ta yi ɓari. Ba wanda ya zo ya ce wa Manzo kai ne, amma an daina yi masa sallama da fara'a, matan Aisami suka daina sayen ƙosaina don kawai kaskona na kusa da ƙahon. Daga ranar Manzo bai sake cin wasa ba. Maficin yana nan gefensa, in ya ɗauka sai ya yi wa kansa fifita ya ajiye.

Su mazan ba su gane ba, ko kuwa ba su so su gane. Kowa ya tashi yana karkaɗe riga yana jin shi ne ya kori aljanu daga Gure. Aisami har cewa yake dabarar yaƙi a jininsu take. Ni da ke zaune ina juya ƙosai ina ganin komai. In Manzo ya hango hanyar da zai cinye mutum, sai ya sosa kunne, ya tura gawayinsa kan kanwa kamar bai gani ba. Na taɓa ce masa kunnen nan zai ƙare kafin kashin raƙumin ya ƙare. Ya ce in kula da maina kada ya ƙone.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Wanda ya fi kowa iya wasan shi ne kullum ake ci, kuma ɓangaren da yake so bai taɓa zama a cikinsa ba.

Sai Fadilu, ɗan wasu ƴan kasuwar Damagaram, ya dawo daga Kano da tele, wato talabijin, da injin wuta da wani ɗan akwati mai igiyoyi. Kana danna abin da ke hannunka, wani ɗan mutum cikin gilashi yana sare dodanni. Na je na leƙa sau ɗaya. Dodannin munana ne, ba laifi, amma ba wanda ya ji wa raƙumarsa tsoro, don an ce na Nasara ne, ba su san hanyar garken kowa ba. Samari suka fara tafiya, sannan iyayensu suka bi su wai za su koro su, suka zauna kallo. Aisami ma can ya koma, ya samu benci.

Manzo bai fasa ba. Da la'asar zai share fili, ya jera rundunonin biyu, ya zauna bayan tuddai wajen aljanunsa, yana ɗinki yana ɗaga kai duk lokacin da ya ji takun mutum. In an kira magariba ya kwashe su cikin jaka. Awaki ne kawai ke zuwa, su ma ƙwallon dabinon suke nema.

Wata ranar da ba kasuwa na sauke kasko da wuri, na je na tsaya a kansa.

Na ce, "Tashi daga nan, bawana. Koma cikin garinka."

Ya ce, "Ke Habsu, kin san abin da za a ce?"

"Tun ina budurwa ake ce mini aljana saboda bakina. Yau dai bari in ga ƴan'uwan nawa. Raƙuma kuma ba ka da ita, balle ta yi ɓari."

Ya tattara rigarsa ya zagaya. Ya zauna bayan ƴan dabinonsa. Ya gyara wannan, ya matsar da wancan, ya zuba kanwa bakin rijiyoyi yadda ba wanda ya taɓa tunanin zubawa. Na gargaɗe shi cewa ni kunnena ba ya ƙaiƙayi. Ya ce shi ma abin da yake roƙo ke nan.

Ya yi yaƙi, wallahi ya yi yaƙi. Maharbansa suka cinye mini gawayi kusan duka, ya rufe hanyar kwari da tsinken ƙarfe, ina zaginsa yana ramawa. Amma duk hanyoyin da ya yi shekaru yana hangowa yana bari, a idona ya bar su. Na ja mahayansa suka hau tudu suna bin ƙahon, na ɗauko maficina na wuta, ba nasa ba. Hannun da ya tsufa yana hura gawayi ba ya kaɗa iska da wasa. Goruba suka gangara, ƙayoyi suka kwanta, har hularsa ta cika da rairayi.

Ya dubi garinsa a watse. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun muna yara a ƙauyenmu Gidigir, yana yi yana share ido da bakin riga.

Ya ce, "Ashe haka ake ji. Gobe ki zo da wuri, baiwata, na ga inda na yi kuskure."

Na zo goben, na zo jibi. Mutane suka yi maganarsu suka gaji, ba abin da ya yi ɓari. Sai da damina ta wuce kafin ya fara cin galaba a kaina. Ranar da ya kori ƙahon daga rijiyar ƙarshe ya tashi tsaye yana neman wanda zai gaya wa, ba kowa sai ni da awaki, sai ya gaya mana. Bayan nan wata rana shi, wata rana ni, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Inda rumfar take yanzu shago ne na siminti. Jakar tana ɗakina. Kashin raƙumin ya zama gari tuntuni, amma ƙahon yana nan da jar fatarsa, ɗinkin ko zare ɗaya bai saki ba.