Simintin Maigidana a Kan Karta ta Biyar

Haifaffen Garwa ne ni, kuma kafin in zama abin nuni direban babbar mota ne. Ina ɗauko siminti daga Figil, wani lokaci tafiya ta kai ni har Njamena da Duwala. Ina jin Fulatanci da Faransanci da Larabcin Cadi. Allah sarki, zamani! A sauke kaya, a gangara bakin Binuwai a ci gasasshen kifi, ba mai bin ka da harara.

A Duwala na koyi kartar da ake kira poka, da kuɗin shayi muka fara. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ya nuna mini cewa wasan duka yana zagayen ƙarshe. An buɗe karta ta biyar, abokin wasa ya zuba kuɗi, ko ka bi shi ko ka ajiye. Ya ce, "Kada ka bi don kwaɗayin ganin hannunsa. Sai ka tabbata ƙarya yake, ba shi da karta mai ƙarfi." Waɗanda nake wasa da su a can, in suna ƙarya sai su kau da ido. Na daɗe ina cin su da wannan, har na ɗauka ko'ina haka ɗan Adam yake.

Wata la'asar a bayan wani gareji a Garwa, wasa ya rage ni da Hammadu, wani Bafulatani mai fataucin shanu, sa'an ƙanena. Aka buɗe ta biyar, ya turo duk abin da ke gabansa, ya sunkuyar da kai.

"Kawu, ka ajiye," in ji shi a hankali.

"Dube ni mana, ɗan nema! Ko saniyarka ce ta ɓata a ƙasan tebur?"

Bai ɗago ba. Na ce a raina na kama shi. Abin da ke aljihuna bai kai ba, sai na ɗora takardar simintin da ke kan motar maigidana. Na manta a gida nake, inda na ƙasa ba ya kallon babba cikin ido ko da gaskiya ta cika masa hannu. Ya shimfiɗa kartar sarakuna uku, har yanzu kansa a ƙasa. Ya cinye ni, simintin ya zama nasa.

Na ce wa maigida 'yan fashi suka tare ni. Kwana biyu jandarmomi suka gano inda aka sauke kayan, aka kai ni gidan yari.

Na fito da furfura. Na je na durƙusa gaban maigida, ya ce ya yafe, amma bai ce in zauna ba. Na tuba ga Allah. Yanzu goro nake sayarwa a tasha, ina gane motar da ba ta da lafiya daga kukan injinta, ba mai tambayata.

Samari, kada ma ku zauna a wannan tebur. Wanda kuma ya riga ya zauna, ranar da ya ji hannunsa yana lalubo abin da ba nasa ba don ya bi wani, ya tashi tsaye ya fita, ko da ya rantse shi ke da nasara.