Yatsan da Ban Ɗaga Ba

Jiya ana sauke kaya a sito a unguwar Ras Al Khor ta Dubai sai wata ƙwallon kwando ta faɗo daga kwali. Warin sabuwar roba ya bugi hancina, tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Shekara guda ke nan da rasuwar wani tsoho Bagirke, kocinmu na ƙwallon kwando.

A ƙasarsu ya yi wasa har gwiwa ta gaza, ya koma koyarwa, aiki ya kawo shi Dubai. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan tara mu 'yan kasuwa a wani fili, yana ɗingishi, usur a wuya. Dokarsa ɗaya ce: in ka jefa ta shiga, ka nuna wanda ya miƙo maka da yatsa.

Wata rana Mamane, abokin kasuwancina ɗan Damagaram, ya miƙo min, na jefa ta shiga, na bugi ƙirji. Tsohon ya hura usur.

"Habibi, daga sama ta faɗo maka?"

"Koci, ai ni na jefa."

"Khalas, ya isa haka, koma benci."

Mamane ya yi dariya. "Ƙyale shi, baba. Ko a shago haka Alhaji yake."

Na ɗauka wasa ne. Bayan wata biyu ya raba kayansa da nawa, shi da ya nuna min hanyar Dubai. Har yau ban ce masa na gode ba.

Allah Ya ba iyalan tsohon haƙuri. Ni kuwa tun safe nake juya lambar Mamane a waya. Allah Ya sa in na kira ya ɗauka.