Amanar Shamsu, mai lamba hamsin da huɗu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shamsu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tashar bas a Tremont, unguwarmu a nan Amurka, zan tafi aiki. Maƙwabciyata ce ta kira. Ta ce, "Rabi, a tsaye kike ko a zaune?" Na ce a tsaye. Ta ce, "Nemi wuri ki zauna." Bas ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ina nan riƙe da waya.

A ɗakinsa na unguwar St. George, can tsallaken ruwa, aka same shi. Farfaɗiyar da ta fara kama shi bara ce ta zo masa, ba kowa a kusa. Shekararsa talatin da shida.

Na san an fara tambaya a guruf-guruf ɗinmu na waya me ya sa ba a yi jana'iza yau ba. Wasu har sun fara ƙus-ƙus. Ni ce sanadi, don haka bari ku ji daga bakina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Shamsu ɗan aminiyata ne, Hajiya Zainabu. Shekara goma sha ɗaya ƙofarmu na kallon juna a hawa na biyar, kafin ta koma unguwar Concourse Village. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. In uwarsa tana wurin aiki, a ɗakina yake cin tuwo. Har ya zama ƙato mai cika ƙofa, Anti Rabi yake ce min.

Ƙwallon Amurka ya yi, wadda ake sa hular kwano ana karo. Matsayinsa linebacker. Na taɓa ce masa ya fassara min wannan suna. Ya ce, "Anti, ba wuya. Ina tsayawa a baya ina kallo. Duk wanda ya rungumo ƙwallo ya sheƙo, ni ne bangon da zai tarar."

Na ce, "To kai yaushe kake ci?"

Ya ce, "Ni hana ci nake yi."

Na ce, "Lallai ka gado baffanka." Ya yi ta dariya har ya ƙware da ruwa.

Ƙwallon ce ta kai shi jami'a. Da ya gama, ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, muka zauna gaban talabijin har aka tashi ba a kira sunansa ba. Bai yi kuka ba. Ya miƙe ya yi alwala. Daga baya wata ƙungiya ta kira shi gwaji, ya je ya ƙwaci wuri da ƙarfinsa. Shekara bakwai ya yi, ƙungiya uku, garuruwa uku. An yi masa aiki a gwiwa, an yi a kafaɗa. Wannan duk mun sani, don muna ganin ɗinkin.

Duk Lahadi mukan taru a falon Hajiya kallon wasansa a talabijin, mu matan gidan, na Kano da na Maraɗi da na Kumasi. Ba wadda ta san dokar wasan a cikinmu. Lamba kawai muke nema, hamsin da huɗu. Da ya sunkuyar da kai ya ɗauke mutum ya maka da ƙasa, sai guɗa. Bijimi muke ce masa. "Bijimi, kan dutse! Karo da kai sai an shirya!"

Akwai ranar da suka yi karo da wani, ya tashi yana tangaɗi, ya nufi wajen abokan hamayya. Sai da ɗan ƙungiyarsu ya kamo kafaɗarsa ya juyo da shi. Muka kwashe da dariya. Ni ce ma na ce, "Ɗan mai ladabi, gaishe su zai je yi." Ba a jima ba ya dawo fili, muka sake guɗa.

Tun safe dariyar nan ce ke dawo min a kunne.

Suna bai canza shi ba. In ya zo hutu ya tarar lifta ta lalace, shi ke ɗauko min buhun shinkafa har hawa na biyar. Ba ya zama a kujera in manya na ɗaki, ƙasa yake naɗe doguwar ƙafar nan tasa. Wata shekara ya ga takalmina na shan ruwa a ƙanƙara, washegari sai ga sabon takalmi a bakin ƙofata, daidai ƙafata. Da maigidana ya rasu, daga wani gari ya taso, shi ya kama gaban makara.

A shekara ta bakwai aka sallame shi. Ya ce min ba a ma faɗa maka kai tsaye. Wani ne zai zo ya taɓa ka ya ce, "Koci na nemanka, ka taho da littafinka." Da ka ji an ce ka taho da littafin dabarun wasa, ka san ta ƙare. A baƙar leda ya kwaso kayansa.

Daga nan muka fara ganin wani Shamsu.

Ya fita da mota ya manta inda za shi. Haske ya dame shi, ƙara ta dame shi. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma tsawa a kan cokali. Wata rana ya naushi ƙofar ɗaki har ta fashe, 'yarsa Amira ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa.

Me muka ce? Muka ce sammu ne.

Aka aiko rubutu daga gida. Aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya, aka sha habbatus sauda da zuma. Yana sha, don ba ya yi wa uwarsa musu. Da muka ga ba sauƙi sai muka nemi wanda za mu ɗora wa, muka ɗora wa matarsa A'isha, don ita 'yar nan ce, musulunta ta yi, ba ta jin Hausa. Ita kuwa tun farko take cewa a kai shi wurin likitan kai. Muka ce ga shi nan, so take a ce mijinta mahaukaci ne. Ni da bakina na ce, "Tun da ya auro ta bai ƙara ganin daidai ba." Allah Ya yafe min. Ta ɗauki 'yarta ta tafi, auren ya mutu, muka ce ai kun gani.

Abin da ya fi ci min rai shi ne aikina. Shekara goma sha tara ina kula da tsofaffi a gidajensu. Tsohuwar da nake wa aiki yanzu sai ta tambaye ni yau wace rana sau biyar kafin azahar. Na san wannan ciwon na mantuwa kamar tafin hannuna. Amma da ya zo a jikin saurayi ƙaƙƙarfa, ɗanmu, sai na kasa gane shi.

Sati uku da suka wuce na hau jirgin ruwa na je duba shi, da kular tuwo da miyar kuka. Rana tsaka, amma labulensa duk a sauke. Ya manna takardu a bango da rubutun hannunsa. Kashe gas. Sha magani. Ranar haihuwar Amira. Kusa da dardumarsa akwai wata: Asuba biyu, Azahar huɗu, La'asar huɗu, Magariba uku, Isha huɗu.

Ya ga ina kallo. Ya ce, "Anti, ina cikin salla sai in rasa inda nake."

Ya ci tuwon sosai. Ya tambaye ni ya Mama, na ce lafiya. Can ya sake tambaya. Na sake cewa lafiya.

Sai ya faɗa min abin da bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ya ce kafin a fara kakar wasa akan yi musu gwajin ƙwaƙwalwa a ajiye, don in ka bugu a kai a sake gwadawa a ga ko ka ragu. Ya ce shi da gangan yake amsawa a hankali a gwajin farko, don ranar da ya bugu da gaske kada a ga bambanci a zaunar da shi.

Na ce, "Shamsu, don me?"

Ya ce, "Anti, ni ba a zaɓe ni ba. Irinmu in ka zauna sati ɗaya, wani ya gaje wurinka ke nan. Kuma ina tuna kuna gaban talabijin."



Ya jawo ambulan daga ƙarƙashin darduma ya miƙo min. Ya ce likitoci sun gaya masa ciwon da suke zaton karon nan ya jawo masa ba a iya tabbatar da shi sai bayan mutum ya mutu an duba ƙwaƙwalwarsa. Ya sa hannu a kan in ya rasu a cire tasa a duba. Ga lambar da za a kira, kuma ba a jinkiri.

Na ce, "Rufe min baki. Kai za ka binne ni."

Ya ce, "Karɓi dai, gobe zan iya manta na rubuta. Ki ba Mama, ni ba zan iya kallon idonta ba. Ke tana jin maganarki." Sannan ya ce, "So nake Amira ta ga takardar likita. Ta san ba ƙinta nake yi ba. Ta san uwarta ba ta yi min komai ba."

Ya rako ni har bakin jirgin ruwa, ya riƙe min kular. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Sati uku takardar nan tana jakata. Sau biyu na je gidan Hajiya da niyyar ba ta, mu sha shayi in dawo da abata.

Yau daga tashar bas can na wuce. Falo ya cika da mata. Baffansa Alhaji Tanko yana tsaye a baranda da waya, yana ta kai-kawo a sako gawa daga asibiti a yi sutura kafin la'asar. Ban ga laifinsa ba, haka muka tashi muka gani, ba a barin mamaci yana jira. Amma na san in na yi shiru na awa biyu, shi ke nan, ƙasa ta rufe maganar.

Na durƙusa gaban Hajiya. Na ce, "Yaya, Shamsu ya bar min amana, na ci ta sati uku. Ga ta."

Aka karanta mata.

Alhaji ya shigo ya ce, "Rabi, kina da hankali kuwa? A fasa kan ɗan Musulmi? Bai isa ba abin da suka ci a jikinsa yana da rai? Yadda Allah Ya ba mu shi, haka za mu mayar Masa."

Wata daga baya ta ce, "Ai wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a bin wasiyyarsa."

Aka kira Liman a waya. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce gawa tana da alfarma, wasiyya ma tana da nauyi, kuma malamai sun yi saɓani a kan irin wannan in akwai lalura. Ya ce shi ba zai tilasta ba, ba zai hana ba, magana tana hannun mahaifiya.

Hajiya ta daɗe tana shafa takardar, wurin da ya sa hannu. Ba ta karatun boko, amma ta san rubutun ɗanta.

Sai ta ɗago ta ce, "Alhaji, ka ce yadda Allah Ya ba mu shi. Ba haka Ya ba ni shi ba. Da lafiyayyen kai na haife shi. Shekara huɗu ina ɗura masa rubutu, bai taɓa ce min a'a ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, shi ma ya kasa roƙa da bakinsa."

Ta juyo ta ce, "Rabi, buga lambar."

Na buga.

Alhaji ya fita baranda ya juya mana baya. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Kada wanda ya zage shi, shi ma ɗansa ne.

Dalilin jinkirin ke nan. Likitocin sun ce za su yi aikinsu da mutunci su ba mu shi, fuskarsa yadda take. In Allah Ya yarda gobe bayan azahar za a sallace shi a masallacinmu na Tremont. Sakamakon kuwa sai bayan watanni, kuma ban san abin da zai nuna ba. Ko me ya nuna, na sauke abin da aka ɗora min, ko da yake na makara.

Ina da roƙo. Masu turo bidiyon nan da yake ɗauke mutane yana makawa da ƙasa, kuna rubuta Bijimi, na san ƙauna ce. Don Allah ku dakata. Yau na kasa kallo. Duk karon da kuke gani, akwai abin da ya tafi da shi bai dawo ba.

Kafin in fito Hajiya ta kamo bakin mayafina. Ta ce, "Kina da lambar A'isha?" Na ce ina da ita. Ta ce, "Ki ce ta zo da yarinyar. Ki ce ni ce nake roƙo. Gobe kusa da ni za ta zauna."

Na kira ta. Na fara da neman gafararta da ɗan Turancin da nake da shi. Ta yi ta kuka, ni ma ina yi. Ta ce suna hanya.

Ya Allah, ga Shamsu nan ya zo Maka. Ka gafarta masa, Ka karɓi sallolinsa, waɗanda ya cika da waɗanda lissafinsu ya ɓace masa. Ka haskaka kabarinsa da hasken da ba zai dame shi ba. Ka ba Hajiya haƙuri, Ka raya Amira ta san wane ne ubanta. Mu kuma da muka yi guɗa, Ka yafe mana.

Duk wanda ya karanta, don girman Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ku ambace shi da sunansa, Shamsuddini ɗan Zainabu. Ku roƙa masa Allah Ya sa kan nan nasa ya huta.