Sai Na Ƙarshe Ya Iso

A sashen koyar da harkar yawon buɗe ido, malamanmu biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Dakta yakan zo da takardar da ta yi ja don tsufa, ya karanto, mu kwafa, ya duba agogo ya fice. Ita kuwa Malama, wadda muke kira Sai-an-taru a bayan idonta, shekara goma sha takwas ta yi tana zagayawa da baƙi kafin ta shigo jami'a. Gajeriya ce, takalminta kullum marar tsini, muryarta kuwa ana jinta har ofishin shugaban sashe.

Ba ta son zaman aji. Sai ta kwashe mu waje, ta ce wani ya zama jagora ya nuna mana ginin sashen, ita kuma ta koma can baya tana jan ƙafa da gangan. Ranar da aka zo kaina, na fara zuba bayani tun tana kan matakala.

"Ɗana, da wa kake magana?" in ji ta. "Ni ba baƙuwarka ba ce? Ba a buɗe baki sai na ƙarshe ya iso."

Sau shida ta sa na maimaita. Na ji haushinta ƙwarai.

Bayan mun gama karatu, wani kamfani ya nemi jagora ɗaya, mu tara muka je. Ina matuƙar bukatar aikin, don shekara guda na yi ina zaman gida a ɗakin yayana. Gwajin shi ne mu zagaya da ma'aikatansu gidan tarihi. Sauran masu neman aikin sun haddace shekarun tarihi tsaf. Ni da aka tambaye ni shekarar da aka gina zauren gidan, kaina ya ɗauke wuta, na ce ban sani ba. Amma a kowace ƙofa bakina ya ƙi buɗuwa sai wani dattijo mai ciwon gwiwa ya iso ya numfasa. Ashe tsohon direbansu ne, shi suke sawa a baya a kowane gwaji. Ni kaɗai na jira shi, ni aka ɗauka.

Da gudu na je ofishin Malama na ba ta labari, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta cire tabarau.

"Madalla. To shekarar fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka tsayar da mutane, bawan Allah ya jawo gwiwarsa ya iso, sannan ka ba shi 'ban sani ba'?" Ta turo min kujera da ƙafa. "Zauna. Ɗauko wancan littafin."