Bangon Bai-Bushe-Ba

Kowa a layinmu ya san Bai-Bushe-Ba a matsayin mai fenti. Shi kuma ya san kansa a matsayin mai fasahar zane, kuma bai taɓa jin haushin waɗanda suka kasa bambance abubuwan biyu ba, muddin za su bar masa ragowar fentin da ke gindin gwangwani. Laƙabin ya samo shi ne daga abin da yake faɗa duk sa'ad da mutum ya matso kusa da aikinsa: "Kul! Bai bushe ba."

Ya shiga kwalejin zane da hannu mai kyau, irin wanda malami kan kira ɗan'uwansa malami ya zo ya gani. A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya zana mutum. Ya zana tsohuwar da ke share musu aji, har jijiyoyin bayan hannunta ana gani. Da safen ranar da za a duba aiki ya ɗauki babban buroshi ya shafe ta kaf da farin fenti.

Shugaban sashe ya tsaya gaban allon ya ce, "Ina aikin naka?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe."

"Ciki ina?"

"Ƙarƙashin farin. Ai kullum kuna wuce ta ba ku ganinta, kuma ban taɓa jin kun ce babu ita ba."

Aka ba shi makin da ake ba farar takarda.

Bayan ya fito ya yi baje kolin zane sau ɗaya a wani shagon haya. Ya rataye zane-zanensa duka fuskarsu na kallon bango, masu kallo suka yi ta zagayawa suna duban ƙusa da igiya. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa ƙasar ba ta shirya wa wannan matashi ba tukuna. Maganarsa ta tabbata, domin har ya yi furfura ba ta shirya ba. Da ya yi aure sai ya sayi tsani da bokiti ya shiga fentin gidaje, kuma babu wanda ya taɓa kuka da aikinsa. Layinsa a miƙe yake, ba ya ɗiga wa kowa a ƙasa.

Babban aikin rayuwarsa ya fara shi ne a ɗakin kwanansu, a bangon da ke kallon ƙofa. Duk gidan da ya yi wa fenti, zai dawo da ragowar ya shafa wa bangon nan shafi guda daga sama har ƙasa. Yau kore, jibi ruwan toka, wani satin shuɗi mai ciwon ido na wani mai shagon aski. In ragowar ta yi yawa, zai yi ta maimaita launin har ta ƙare. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a kankarewa, ba a yankawa, ba a leƙa abin da ke ƙasa. Wanda ya zo kallo, launin ranar kawai zai gani.

Da farko matarsa ta ɗauka tsafta ce, har tana yi wa ƙawayenta alfahari. Ta fara gane akwai matsala a shekarar da murfin kabad ɗinta ya daina buɗewa gaba ɗaya. Daga baya makunnin fitila ya nutse cikin rami, sai an zura yatsa an laluba. Gadon da a dā ake zagayawa ta bayansa a gyara zanin gado ya manne da bango kamar tare aka gina su. Ga warin fenti da ya kama tufafin gidan, har a makaranta ana gane 'ya'yansu tun kafin su shigo aji.

Wata rana ta ce, "Malam, ɗakin nan fa raguwa yake yi."

"Ba raguwa yake ba, cika yake."

"To in ya gama cika, mu a ina za mu kwana?"

"Wannan tambayar ita ma tana cikin aikin."

"Ka gaya wa aikin ya matsa, zan ɗauki zanina."

Haka suka raini 'ya'yansu, suka aurar da su har Auta, bango na ta ƙara ƙiba, maigidan na ramewa. Lokaci lokaci ɗaliban zane kan zo su tsaya gaban bangon, su riƙe haɓa su gyaɗa kai. Matar gidan takan ba su ruwa ta ce su zauna, in sun sami wuri.

Sai aka ce za a faɗaɗa titi. Ma'aikata suka zo suka bi layinmu gida gida suna buga jan fenti a ƙofofi. Bai-Bushe-Ba ya fito ya shafa alamar da yatsa, ya sansana, ya ce an cika wa fentin kananzir, ba zai kai damina ba. Suka ce kada ya damu, gidan ma ba zai kai ba.

Labarin bangon ya kai ga wata mata mai gidan nuna zane-zane a tsakiyar birni. Ta zo da mota da mutum biyu masu injin yanka. Ta zura yatsa a ramin makunnin ta ji zurfinsa. Sannan ta faɗi shawararta: za a yanke bangon a ɗauke shi, a tsaga shi gida biyu, a sa masa fitila, jama'a su ga launukan a jere. Za a rubuta sunansa a ƙofa da manyan baƙaƙe. Wannan ne karon farko, kuma ga dukkan alamu na ƙarshe, da wani ya nemi aikinsa ba don ya rufe tsagar bango ba.

Ya ce, "Ɗauka dai a ɗauka. Tsagawa ce babu."

"Baba, in ba a tsaga ba me za a gani? Bango ruwan ƙasa?"

"Yau ruwan ƙasa ne. Da jiya kika zo, rawaya ne."

"Ba wanda zai hau mota ya zo kallon bango ruwan ƙasa."

"Ke ai kin zo."

Ta bar katinta a kan gado ta ce tana jira har ranar rusau. Da ta tafi, matarsa ta rufe ƙofa, iyakar inda ƙofar ke rufuwa.

"Malam, ni ban yi karatun zane ba, amma a bangon nan ina da kaso. Ƙuruciyata a gindinsa ta ƙare. Tari na yi shi, kabad na haƙura da shi. Ko sau ɗaya ba za ka bari in ga abin da na zauna da shi ba?"

"In kin gani, ya zama ado. Yanzu kuwa sai dai ki yarda yana nan."

"Na yarda yana nan. Ƙafata ta sha bugunsa."

Bai kira mai gidan nuna zanen ba. Ya zaɓi katafila ta niƙe bangon a rufe, yadda ya rayu. Ya ce wannan shi ne baje kolinsa na biyu, kuma kowa na iya zuwa. Kowa kuwa ya zo, tunda gidajen kowa ake rushewa ranar. Da asuba ya shiga ɗakin da babu komai a ciki ya yi shafi na ƙarshe, fari. Direban katafila ya tarar da takarda manne a ƙofa: bai bushe ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, fentin ya fi ginin ƙarfi. Da katafila ta daki bangon, bulo ya zube ta baya kamar busasshen burodi, fentin kuwa ya tsaya shi kaɗai, falle guda mai kaurin katifa. Ya ɗan yi tangaɗi, sannan ya kife a ƙasa ya dare gunduwa gunduwa. Kowace gunduwa, gefenta layi layi ne siri siri, launi a kan launi, ba iyaka.

Tela ne ya fara ɗauka. Ya kai kusa da ido ya ce, "Kai! Wannan koren shagona ne, na farko, kafin gobara."

Bakanike ya ce, "Naka ya fi wannan duhu. Wannan na falon surukata ne."

"Surukarka yaushe ta yi falo?"

Wata gwauruwa ta bi layukan da farce har ta tsaya a kan wani ruwan hoda. Ta ce ɗakin da mijinta ya gyara ne lokacin da take da cikin fari. Ta ƙulle gunduwar a bakin mayafi. Kafin azahar an kwashe bangon tas, mutane na ta musu a kan shuɗi alhali ana rusa musu ɗakuna a bayansu. Mai gidan nuna zane ta iso a makare, ta sami guntu kamar sabulu a hannun wani ɗan dako, shi ma da ƙyar ya saki.

Shi kuwa mai aikin ya juya wa wurin baya tun faɗuwar farko, yana kallon titi. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna kama hannunsa.

"Malam, ashe abin da kake yi ke nan! Wallahi ya yi kyau."

Ya ce wa matarsa a hankali, "Kin ji ko? Ya yi kyau. An gama da ni."

Yanzu suna zaune a gidan Auta, a ɗakin baya. Surukinsa, mijin Auta, mutum ne mai kunya, bai iya hana shi bango ba, sai dai ya kira mai gyaran wuta ya mayar da makunnin ɗakin can kusa da ƙofa. Matarsa ta zo da gunduwarta guda, da ita take tokare ƙofa. Bai-Bushe-Ba yakan tsallake ta kansa a sama, kuma yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa shi har yau bai ga cikin aikinsa ba.

Ranar nan ta dawo daga kasuwa ta same shi tsugune a bakin ƙofa, tabarau a hanci, gunduwar a hannu, yana bin wani layi da farce.

"Malam, me ake nema?"

"Dubawa nake ko ya bushe."

"To, ya bushe?"

Ya mayar da ita gindin ƙofa, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Bai bushe ba."