Birkin da Ya Fi Ƙarfin Gwiwata

'Yan uwa da abokan arziki, shekaru da yawa kuna tambayata me ya sa nake jan ƙafar dama, ina kawar da zancen. Yau zan faɗa.

Ranar kasuwar Yelwa ce, muna cikin Jihar Sakkwato a lokacin. Ina amaryar wata bakwai. Tun daga garinmu na bakin ruwa kaina na cikin littafin soyayya, ban ɗago ba sai da jirgin ruwa ya tsaya. Na miƙe zan sauka, gwiwa ta ƙi ɗaukata. Na zube cikin kwandon albasar mutane.

Kafin kwana uku ta kumbura, ga zazzaɓi. Maigidana ya yi kudu da busasshen kifi, sai ni da mahaifiyarsa, Inna. Ta ce sanyin gulbi ne, ta kira wanzami ya yi mini ƙaho a kan kumburin. Da kyakkyawar niyya ta yi. Amma tsagar nan ita ta buɗe wa ciwon ƙofa. Kwana biyar sai mugunya.

A asibitin Yelwa aka zuƙi ruwan gwiwar da allura, aka ɗauki hoto, aka ce sai Sakkwato. Can aka yi mini tiyata. Allura safe da yamma har mazaunaina suka ƙi zama. Akuyoyina duka sun tafi a magani. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. Kullum da safe sai na yaye zane na duba ko ƙafar tana nan.

Ranar sallama likita ya ce, "Gwiwar nan ba za ta sake lanƙwasuwa duka ba. Ki riƙa zuwa gashin ƙashi a asibitin Yelwa sau biyu a mako. In kin daina, za ta sandare gaba ɗaya."

To, da me zan je? Shiga jirgi da sanda azaba ne, mota kuma sai ranar kasuwa. Maigida ya sake komawa kudu, don jinya ta cinye jarinsa. Na rasa gashi uku a jere, na ji ƙafar tana zama itace.

Babur ɗinsa na jingine a zaure. Shi ya koya mini tuƙi a filin makaranta farkon aurenmu, muna ta dariya. Na gwada hawa, sai na ga matakin ƙafa ya yi mini sama, gwiwa ba ta kai wannan lanƙwasar ba.

Inna ta ce, "Ɗiyata, mi kike nema ga ƙarhen ga? Wagga ƙahwa guda da ta rage miki?"

Na ce, "Inna, ɗayar nake nema."

Na tura babur ɗin wurin Malam Ɗanbala, mai gyaran babur da walda a bakin tasha. Na ce ya sauke mini matakan ƙasa. Ya dube ni, ya dubi sandata.

"Amarya, a cikin littahin naki kin ka ga haka?"

"A littafina mota ake zuwa da ita a ɗauki mace. Ni ba wanda ya zo. Sauke."

Ya yanke, ya ƙara ƙarfe, ya liƙe. Ƙafata ta zauna daidai. Na tayar da shi da ƙafar hagu ina tsaye a gefe, na hau, na tafi ina jin kaina kamar wata sarauniya.

Ba mu tuna da birki ba, daga ni har shi. Mataki ya sauka, birki yana inda yake, can sama da yatsuna. Shanu suka fito mini a kwana. Kafin in ɗaga ƙafa in kai gare shi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai ga ni kwance a fadamar albasa, karo na biyu ke nan ni da albasa. Masu ban ruwa suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan suka ɗaga ni.

Washegari na koma wurin Malam Ɗanbala da goshi a kumbure. Na zauna a kan babur na ce ba zan sauka ba sai komai ya zo inda ƙafata take. Ya sassauta notin birki, ya sauko da shi kaɗan-kaɗan, ina takawa ina cewa ƙara, har ya dawo ƙarƙashin yatsuna ba sai na ɗaga diddige ba. Giya kuma ya zare ta daga haƙoranta, ya juyo da ita ƙasa haƙori biyu. Fitilar baya ta kama ta ƙi mutuwa, ita ma ya daidaita ta. Ya ce, "Wallahi kin fi 'yan kabu-kabu fitina."

Daga nan ban sake rasa gashi ba. Bayan wata biyar na ajiye sanda.

Na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikatan jinyar da suka jure ihuna, da Inna da ta wanke mini miki ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Malam Ɗanbala.

Don Allah, gaɓar da ta kumbura da zazzaɓi kada a tsaga ta, a kai asibiti. Kada a yi wasa da gashi. Wanda kuma ya sauke matakin babur, ya sauko da birki da giya a ranar, ya gwada su a fili kafin ya hau titi.

A wancan lokacin, da maigida ya dawo daga kudu, dattawan gida suka tare shi, wai ya karɓe makulli ya mayar da babur yadda yake, mace ba ta yawo a kan ƙarfe. Ya shigo ɗaki yana sosa ƙeya, ya ce, "To ke mi kin ka ce?"

Na ce masa ya nemi wani babur. Wannan an riga an gyara shi daidai ƙafata, kuma ba zan sauka ba.