Goggo da Matatar Kofi

Goggo mai keke ta shekara ashirin da wani abu tana ɗinki a ɗan ɗakin da ke ƙofar gidanta. Ita kam ba ta shan kofi, ta ce wanda yake lafiya lau me ya kai shi shan magani. Mijinta ne, tsohon direban babbar mota, ba ya iya buɗe baki da safe sai da shi.

Wata rana takardar tace kofinsa ta ƙare, ya ishi kowa da mita. Goggo ta yanko farin ƙyallen auduga, ta tafasa shi sau biyu sitacin ya fita, ta naɗe shi kamar mazurari, ta bi shi da ɗinki biyu, ta kalmashe bakin don kada gari ya maƙale. A wanke, a shanya, gobe a sake. Mai shagon kofi na bakin titi ya gani wurin direba, ya ce a yi masa goma. Kafin shekara ta zagayo, aikin ya fi ƙarfin hannu biyu.

Lokacin ne mijin maƙwabciyarta, Uwar 'Yan Biyu, ya rasu. Goggo ta jawo ta, ta ba ta tsohon kekenta, ta koya mata komai har sirrin tafasa ƙyallen. Tare suke ci, tare suke gulmar direba.

Ranar nan Goggo ta kasa zura zare har sau uku. Ta rage murya ta ce wa Uwar 'Yan Biyu, "Likita ya ce yanar ido ce ke taso mini. Ke kaɗai na gaya wa, ko maigidan bai sani ba."

"Yaya, cikina rijiya ne."

Sai aiki ya ɗauke. Wata guda, wata biyu, shiru. Goggo ta yafa mayafi ta tafi shagon. Tana shiga ta ga sababbin matatai shanye a bayan kanta, ɗinkin irin nata sak.

"Goggo, ke kaɗai kika tsallako titi?" in ji mai shago. "Ai ƙanwarki ta ce ido ya tafi, kin ce a mayar da aikin hannunta."

Goggo ba ta ƙaryata ba, ta dai ce Allah ya ba da kasuwa.

Ta tarar da Uwar 'Yan Biyu a kan keken nan tana takawa.

"Yaya, ni fa sauƙaƙa miki na yi."

"Da kin roƙa, da na bar miki shi duka. Idona kika kai kasuwa?"

Aka yi wa Goggo aiki, ido ya washe tar. Mai shago ya aiko da ban haƙuri har sau biyu, ta ce ya bar wa marayun maƙwabciyar aikin. Ta koma ɗinkin kayan makaranta. In sun haɗu da maƙwabciyar a hanya takan amsa gaisuwa, amma daga "lafiya lau" ba ta ƙara ko kalma ɗaya.